Ido Ba Mudu Ba Ne: Wa Ya Yanke Miki Kuɗin Adon Ɗaki?

 

Kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, kuɗi ya ɗan shigo hannu, kin kuma san abin da ke biyo baya a garuruwanmu: biki. Daga Gwarzo zuwa Getso da Kutama, daga Kabo zuwa Garo, goron gayyata sai yawo yake. Duk gidan da aka sa rana kuwa, uwar amarya ta yi sallama da barci har sai an kai yarinya ɗakinta. Gado, katifa, kujeru, tukwane, waɗannan kowa ya san da su, ana lissafa su tun da wuri. Abin da ba a cika sakawa a lissafi ba shi ne kayan ado: abin da za a rataye a bango, abin da za a jera a shogilas, fulawowi, agogon bango mai ƙyalƙyali, firem mai ayoyi. Su ne ke shigowa ta bayan gida su cinye kuɗin da aka ware wa wani abu dabam. A kansu nake so mu tattauna yau, domin na gani da idona yadda abin yake faruwa.

Watan jiya na je Kabo wurin ƙanwata, wadda ke shirin aurar da 'yarta ta fari. Shekara guda cur tana zubin adashe saboda wannan rana. Muna zaune a tsakar gida muna duba takardar da ta rubuta abubuwan da suka rage, sai ga sallamar dillaliya, wata dattijuwa mai fara'a, da ƙullin kaya a ka. Kafin ta zauna ta riga ta zaro 'yan kunne na roba ta miƙa wa autar gidan. "Ungo 'yar albarka, ke ma Allah ya nuna mana naki." Aka kawo mata ruwa, aka gaisa, ta tambayi jikin surukar ƙanwata, ta yi wa amarya tsiya har yarinyar ta rufe fuska ta gudu ɗaki.

Sannan ta kwance ƙulli. Abin da ta fara fitarwa saitin firem ne guda uku, ruwan zinare, da Ayatul Kursiyyu a na tsakiya. "Wannan ɗan Dubai ne, Maman amarya. Dubu 90."

Ƙanwata ta yi dariya. "Haba Inna, wannan ai ba irin namu ba ne."

"Na sani 'yar nan, nuna miki kawai na yi ki ba idonki abinci. Ga naki nan." Sai ta fito da wani saitin, ɗan madaidaici, shi ma da ƙyalli. Dubu 45. "Riƙe ki ji nauyinsa." Ta sa yaro ya cire kalandar da ke jikin ƙusa a falo, aka rataya na tsakiyan. Gaskiya ya yi kyau. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ma sha Allah. Dillaliya ta ce biyu kacal ta ɗauko, ɗaya matar wani ɗan kasuwa a Gwarzo ta karɓa jiya, wannan ma akwai wadda ta ce a ajiye mata zuwa la'asar.

Ƙanwata ta taya dubu 30. "Albarka. Ai ba a ja-in-ja a kan sunan Allah, 'yar nan." Aka yi ta yi, ciniki ya faɗa a dubu 38, za a ba da rabi yanzu, rabi bayan biki. Da dillaliya ta fita, ƙanwata ta juyo tana murna: "Yaya, kin ga na rage dubu 7." Na ɗauki takardar lissafinta na miƙa mata, na ce ta nuna mini inda aka rubuta firem. Babu. Kuɗin da ta bayar, na tukunyar gas ne.

Kada ki ɗauka zagin dillaliya zan yi. Matar da ba ta fita kasuwa, dillaliya ce kasuwarta, ita ce bankinta mai ba da bashi ba takarda, wani lokaci ma ita ce jaridarta. Tana yawo cikin rana saboda 'yar la'adar da za ta ci da marayunta. Ba ta yi karatun boko ba, amma duk abin da ta yi a tsakar gidan nan, akwai shi a littattafan masana halayyar ɗan Adam. Wani malamin jami'a a Amurka, Robert Cialdini, ya yi shekaru yana shiga cikin masu tallar kaya yana koyon sana'arsu, sannan a 1984 ya fitar da littafi kan hanyoyin da ake bi a shawo kan mutum ya ce "to". Da Inna dillaliya za ta ji abin da ke ciki, cewa za ta yi wannan ai tun tana budurwa ta san shi.

Tambayar ita ce, me ya sa dabarun nan suka fi cin mu a kan kayan ado? Idan gero za ki saya, akwai mudu, akwai tiya, kin san farashin makon jiya, maƙwabciyarki ma ta sani. Wanda ya ce miki kwanon gero ya ninka sau uku a dare ɗaya, dariya za ki yi masa. Amma nawa ne kuɗin kyau? Firem ba a auna shi, ba a ci, ba ya ƙarewa balle ki ce ya yi auki. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai idon nan ana iya yi masa wayo, kuma mai sayarwa ya fi ki sanin ta inda ake bi.

Ki koma kan saitin dubu 90. Ba don a sayar aka fito da shi ba. Aikinsa ya kafa turke. Kin san akuya idan aka ɗaure ta, tana iya zagayawa yadda ta ga dama, ta ɗauka kiwo take, amma ba za ta wuce tsawon igiya ba. Haka lambar farko take yi wa ƙwaƙwalwa. Da aka ce 90, sai 45 ta zama "rabi", ta zama araha, 38 kuwa ta zama nasara. Da a ce da dubu 45 aka fara, ƙanwata da ta ce ya yi tsada.

Wasu masana biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun gwada wannan a wani bincike da suka wallafa a 1974. Sun sa mutane suna kallo ana juya wata ƙafa mai lambobi irin ta masu caca, wadda aka riga aka shirya ta tsaya ko dai a kan 10 ko a kan 65. Daga nan sai a tambaye su: a cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi nawa cikin ɗari ne na Afirka? Waɗanda suka ga 10, amsarsu ta tsaya wajen kashi 25. Waɗanda suka ga 65, wajen kashi 45. Ki duba fa, lambar ba ta da wata alaƙa da tambayar, kuma a gabansu aka juya ƙafar, amma duk da haka ta ja su. To ina ga lambar da ta fito daga bakin mai kaya, tana kallon idonki, tana kiran ki 'yar nan? Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002 saboda irin waɗannan bincike. Mu kuwa kullum a Kantin Kwari ake yi mana gwajin kyauta.

Shi ya sa al'adarmu ta "raba biyu ki taya" ba ta kare ki kamar yadda kike zato. Mai kaya ya san za ki raba biyu, ya riga ya saka wannan a cikin kuɗin da ya faɗa. Idan kika fara lissafi daga lambarsa, a filinsa kike wasa.

'Yan kunnen roba kuma fa? Ba su kai kuɗin ƙullin gishiri biyu ba, amma sun yi aiki. Mu mutane ne da aka raina a kan yaba kyauta tukwici. Wanda ya yi wa ɗanki alheri, ya sha ruwan gidanki, ya tambayi jikin tsohuwarki, da wane baki za ki ce masa ya naɗe kayansa ya tafi? Nauyi ne yake hawa kanki ba ki sani ba. Ba mu kaɗai ba ne: an gwada a gidan abinci a Amurka, an ga idan ma'aikaci ya haɗo 'yar alewa da takardar biyan kuɗi, tukwicin da ake ba shi yana ƙaruwa. A shagunan birni lemo mai sanyi ne da kujera da "Hajiya ki huta tukuna". Ki sha lemonki, ki yi godiya. Kyauta kyauta ce, ba a ce ki biya ta da kuɗin tukunyar gas ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne rataya firem a bango. Minti biyar kafin nan, bangon yana da kalanda, ba wanda ya ga aibinsa. Da aka rataya firem aka kalla, cire shi ya zama kamar an ƙwace wa amarya wani abu nata. A 1990 Kahneman da abokan aikinsa biyu, Jack Knetsch da Richard Thaler, sun raba wa rabin ɗaliban wani aji kofunan shayi kyauta, sauran rabin ba a ba su ba. Sai aka buɗe ciniki tsakaninsu. Waɗanda kofi ya shiga hannunsu sun nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofi ɗaya ne, bambancin kawai wannan ya riga ya ce "nawa". Mai atamfa da ya warware turmi ya yafa miki a kafaɗa ya miƙo madubi, mai gwal da ya ce ki saka ki gani, mai hula da ya ɗora wa ɗanki a ka, duk abu ɗaya suke nema: abin ya zama naki a zuci kafin ya zama naki a aljihu.

Maganar "biyu kacal na ɗauko" ba sai na daɗe a kanta ba, kin san ta. An taɓa gwada ta da biskit a 1975, a binciken Stephen Worchel da Jerry Lee da Akanbi Adewole: biskit iri ɗaya, wasu aka ba su daga kwalba mai guda goma, wasu daga mai guda biyu, na kwalba mai biyun aka fi yabawa. Abin da ya kusa ƙarewa daɗi yake ƙarawa. Haɗa shi da "wata ta ce a ajiye mata zuwa la'asar", sai ya zama ba ki da lokacin tunani, ga kuma kishiya a ciniki wadda ba ki taɓa gani ba.

Wannan kishiyar ta ɓoye tsohuwar dabara ce. Manzon Allah (SAW) ya hana abin da malamai ke kira najashi, wato mutum ya riƙa ƙara kuɗin kaya ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Haka nan ya yi gargaɗi cewa rantsuwa tana sayar da kaya amma tana goge albarka. Abin mamaki, a manyan gidajen gwanjon zane-zane na Landan da New York, mai kiran farashi yana iya nuna kamar wani ya ɗaga hannu alhali ba kowa, ya yi ta hawa har ya kusa kai kuɗin da mai kaya ya ce ba zai sallama ƙasa da shi ba. Su a wurinsu an yarda da hakan cikin wasu sharuɗɗa. Masu kuɗin duniya ma da kishiyar ƙarya ake zuga su.

Sai dai in gaya miki gaskiya, duk waɗannan ƙanana ne a kan babban abin da ke tura uwar amarya. Ranar jere. Ranar da dangin ango za su shigo ganin ɗaki, su tsaya a ƙofa, idanu su bi bango daga sama har ƙasa. Ba firem ƙanwata ta saya ba, bakin mutane ta so ta rufe. Kakanninmu ƙorai suka jera, masu sassaƙa da zane. Aka zo zamanin tasoshi, aka zo na kwanuka da langa-langa da fanteka har rufin ɗaki, aka zo na tangaran da kuloli, yanzu ga shogilas da fitilu masu launi. Kayan suna canzawa, amma tsoron "me za a ce" yana nan inda yake. Da dillaliya ta ambaci matar ɗan kasuwar Gwarzo, ba labari take bayarwa ba, tana gaya wa ƙanwata ne a wane layi 'yarta za ta tsaya. Wannan ita ce igiyar da ke jan mu a anko, ita ce ke sa a ce abu "ana yayinsa". Na sha ganin uwa ta ci bashin da za ta shekara biyu tana biya saboda kallon minti goma na mutanen da, wallahi, kafin su kai bakin titi sun koma hirar abincin da aka ba su. Wadda za ta kushe kuwa, ko da zinare kika shafe bangon sai ta ce labulen bai dace ba.

Yanzu kuma dillaliya ta shigo cikin wayar da kike riƙe da ita. Ki buɗe WhatsApp ko Instagram ko TikTok ki gani: hoto an haska shi da fitila, "saura guda biyu", hotunan alat na waɗanda aka ce sun biya, muryar wata tana godiya, farashin da aka soke da jan layi aka rubuta sabo a ƙasa. Turke ne, da kishiya, da "kowa ya saya", duk a allo ɗaya, da ƙarfe goma sha ɗayan dare lokacin da kin gaji. Gara ma Inna, ita kin riƙe kayan kin ji nauyinsa, kin kuma san gidanta. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne.

Akwai kalma ɗaya da ta rage a maganar dillaliya: "ɗan Dubai". A nan ne zancen ya fi zurfi, domin a harkar ado da zane, sau da yawa suna da labari ake saye. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond tun 1846, mata da yawa bakin zanen suke fara dubawa kafin su kalli zanen kansa, shi ya sa masu kwaikwayo suke kwaikwayon har rubutun bakin. A watan Oktoban 2013, wani shahararren mai zane na Ingila da ake kira Banksy, wanda ayyukansa ke kai dubban ɗaruruwan daloli, ya sa wani dattijo ya baza zanensa na gaskiya a gefen titi a New York, kowanne dala 60, ba tare da an yi shelar na wane ne ba. Mutane suka yi ta wucewa. Yini guda mutum uku ne suka saya, aka tashi da dala 420. Ɗaya daga cikinsu uwa ce da ta sayi biyu saboda 'ya'yanta, sai da ta sa aka rage mata rabin kuɗin. (Wannan ko 'yar Gwarzo ce sai haka.) Zanen bai canza ba, sunan ne kawai aka cire.

Ga kuma akasin haka a nan gida. Ben Enwonwu, fitaccen mai zane na Najeriya, ya zana wata gimbiyar Ife mai suna Adetutu a wajen 1974. Zanen ya ɓace shekaru da yawa, sai a ƙarshen 2017 aka gano ɗaya daga cikinsu rataye a wani gida a arewacin Landan. Jaridu suka ɗauka, ana kiran sa Mona Lisar Afirka. Masana sun ƙiyasta zai yi fam dubu 200 zuwa 300. Da aka yi gwanjonsa a gidan Bonhams a watan Fabrairun 2018, sai da ya haura fam miliyan ɗaya da dubu 200. Zanen yana da kyau, ba musu, kuma mai shi gwani ne. Amma labarin ɓata da ganowa shi ma an biya kuɗinsa.

Ki zaro naira 20 a jakarki ki juya bayanta. Matar da ke gina tukunya ita ce Ladi Kwali. Tun tana yarinya take ginin tukwane irin na matan Gwari, har Sarkin Abuja na wancan lokaci, Sulaimanu Barau, yana tara aikinta. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja, aka kai aikinta Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Hannunta gwani ne tun kafin Turawa su san ta. Abin da ya ƙaru daga baya shi ne masu ba da labarinta.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini rai. Mu ɗin nan da muke biyan dubu 38 a kan firem ɗin da inji ya buga dubbai irinsa a rana ɗaya, mu ne idan yarinya ta kawo hular da uwarta ta yi makonni tana ɗinkawa da allura, a ƙarƙashin fitila, sai mu taya ta kamar muna sayen gyaɗa. Mai saƙa faifai da kala-kala, mai sassaƙa ƙwarya, malamin da ke zayyana allon sauka da hannunsa da tawada, masu rini irin na Ƙofar Mata, dukansu ba su da mai ce musu "ɗan Dubai". Ba su san kafa turke ba, da kuɗin gaskiya suke farawa, mu kuma mu raba biyu. Baƙi suna zuwa Kasuwar Kurmi, wadda take nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, su sayi irin waɗannan kaya su kai ƙasashensu su rataye a falo suna alfahari. Mu kuma mun ce na ƙauye ne. Karin maganar nan ta "araha ba ta ado" ta yi mana illa a nan, domin ta sa mun ɗauka tsada ita ce kyau.

Idan kuma ke ce mai ɗinkin hular ko saƙar, to ki ɗauki darasi daga Inna ta hanyar halal. Ki faɗi kwana nawa aikin ya ci, ki faɗi sunan ɗinkin, ki bari mai saye ya riƙe ya duba bayan aikin, ki fara da kuɗin da ya biya wahalarki. Ba ƙarya a ciki, ba rantsuwa. Labarin gaskiya ma yana sayar da kaya.

Ba cewa nake kada ki sayi abin ado ba. Ɗaki ba ado kamar miya ba gishiri ne, kuma amarya tana da haƙƙin ta buɗe ido ta ga abin da zai faranta mata rai. Abin da nake yi ni dai, tun da na gane ana ja na, kaɗan ne. Kafin a kwance ƙulli ko in shiga shago, nakan yanke a raina nawa zan iya kashewa, in rubuta, domin turkena ya riga nasu shiga ƙasa. In abu ya burge ni, nakan ce a bar ni in kwana da shawara. Wanda ya ce ba zai kai gobe ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Sau da yawa za ki ga goben ya kai, har jibi. Nakan kuma tambayi kaina: da a ce ba wanda zai shigo ɗakin nan sai ni, zan so in riƙa ganin abin nan kullum? Idan amsar e ce, kuma kuɗinsa ba na wani abu ba ne, sai in saya ba tare da na ji komai ba, ko da an ce ya yi tsada. Idan kuwa fuskar dangin ango ce ta fara zuwa mini a rai, na san ba ni nake so ba.

Game da firem mai ayoyi kuma, kada kunya ta hana ki ciniki. Ba ayar kike saye ba, ayar Allah ba ta da farashi. Gilashi ne da katako ko roba, su kuwa ana tayawa. Ki kuma sa wanda ya iya karatu ya duba rubutun kafin a rataya, domin aikin inji yana iya zuwa da kuskuren harafi ko wasali, kuma ƙyalli yakan hana ido lura.

Ƙanwata dai ta kwana tana juyi. Da safe ta aika aka kira Inna, ta ba ta haƙuri, ta ce a mayar da saitin, a bar dubu biyu a matsayin ladan wahala. Dattijuwar ta ɗan ɓata rai, ta ce ba a yi mata haka, amma ta karɓa, har ta dawo bayan kwana uku da labule, wanda shi yana cikin takarda. Wadda aka ce tana jira zuwa la'asar, ashe ba ta zo ba, don saitin yana cikin ƙullin. Aka sayi tukunyar gas. A jikin ƙusar nan ta ɗakin amarya kuwa, allon saukarta aka rataya, wanda malaminsu ya zayyana mata da ja da kore shekara huɗu da suka wuce, yana ajiye a bayan sif cikin tsumma. Ranar jere wata gwaggon ango ta tsaya a gabansa ta daɗe, sannan ta tambaya a ina aka sayo.

Ke fa 'yar uwa, mene ne abin da aka taɓa sa ki saya wanda har yau in kin kalle shi sai ki yi tsaki? Ki ba mu labari a ƙasa, kada ki ambaci sunan kowa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.